Kakanmu ya je yaƙin Bama, ta ina zan fara neman tarihinsa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah taimako nake nema wurin masana tarihi da ke gidan nan. Kakanmu na wajen uba tsohon soja ne, duk layinmu a Tudun Wada Baba Soja ake ce mashi, ya rasu tun ina firamare. Abin da muka taso muna ji kawai shi ne ya je yaƙin Bama zamanin Turawa, babu wanda ya san shekarar da ya tafi ko bataliyarsu, ko ainihin ƙauyen da ya fito ma ba mu sani ba ana dai cewa ƙasar Ikara. To satin nan ana gyaran ɗakin Goggo sai ga akwatinsa na ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ciki akwai lambobin yabo guda biyu ɗaya tauraro ɗaya zagayayye, da wani ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa mai hoton gizo-gizo baƙi, da ƙaramin littafi da gara ta ci gefensa. Abin da ya ɗaure mani kai sunan da ke littafin Audu Zaria ne, mu kuma Abdullahi muka san shi kuma bai taɓa zama Zariya ba. Anya ma kayan nasa ne?

Sajan Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. 'Yata kayansa ne, kar ki yi shakka. Haka Turawa ke rubuta kurata a lokacin, a tambaye ka sunanka ka ce Audu, a ce daga ina ka ce ƙasar Zazzau, shi ke nan ka zama Audu Zaria har ka bar aiki. Shi ya sa za ki ga su Musa Kano da Garba Sokoto da Ali Bauchi birjik, bataliya ɗaya sai a samu masu suna ɗaya su fi biyar. Lamba ce ke raba su. Ki duba shafin farko akwai lamba da ta fara da NA, wannan ita ce shi, ba sunan ba.

Maman Ilham: Akwai kuwa Baba, NA sai lambobi a gaba. In turo nan?

Admin: A'a kar ki sa a fili. Ki tura ma wanda zai taimaka ta inbox.

Tsohon Malami: Madalla da wannan tambaya. Ki fara gaya mani launin ƙyallen da aka rataye tauraron da shi. In tsakiyarsa ja ne, gefe da gefe shuɗi mai duhu da layin ruwan lemo a ciki, to tauraron Bama ne, kuma in kin duba da kyau za ki ga an rubuta hakan a zagaye a jikinsa. Kar ki wahalar da kanki neman suna a bayansa, irin waɗannan lambobi na Yaƙin Duniya na Biyu yawanci ba a buga musu suna. Amma ƙyallen gizon nan ya fi lambobin biyu amfani a wurinki. Alamar runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Najeriya a 1943. Akwai 'yar uwarta runduna ta 82, su alamarsu mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Su 81 su suka riga tafiya, cikin 1943 aka kwashe su a jirgin ruwa suka zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu har Bombay a Indiya, daga can aka wuce da su ƙasar Bama wadda yau ake kira Myanmar, inda suka kara da Japan. Ke nan ko ba a ce komai ba kin riga kin san rabin hanyarsa.

Maman Ilham: Allahu akbar, wlh launin haka yake kamar kana gani Malam. Ja a tsakiya, sai dai ya koɗe.

Ɗan Rigasa: Ni fa ban gane wannan abin ba. Mutum ya je ya yi ma Bature yaƙi, Baturen da ya ci ƙasarsa ya kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, shekara 40 kawai tsakani, sannan mu zo muna alfahari da tauraro? Me Japan ta yi mana? Ko sun san inda Ikara take? Afuwan anti ba kakanki nake zagi ba amma gaskiya ɗaya ce.

Sajan Mai Ritaya: Yaro kai ka ɗauka fom suka cika a intanet? Da yawansu ba da son ransu suka je ba. Takarda ce ke zuwa daga Razdan zuwa sarki, sarki ya tura ma hakimi, hakimi ya ce ma dagaci ƙauyenka mutum kaza za a kawo. Wa kake tsammani dagaci zai bayar, ɗansa? Maraya ake bayarwa da baƙo da wanda ubansa ba shi da baki a gari. Wasu kuma yunwa da haraji suka kora su, wasu kakin ne ya burge su, ba a rasa ba.

Tsohon Malami: Gaskiyar Sajan. Kuma a shekarun nan ne ake diban gwamna, wato kwasar mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, saboda Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza. Mutane da yawa sun mutu a can saboda sanyi da yunwa da cuta. To saurayi a ƙauye yana tsakanin ramin kuza da bariki, ba abin mamaki ba ne wani ya zaɓi inda za a ba shi takalmi da abinci. Tambayarka tana da wuri Ɗan Rigasa, amma Turawa ya kamata ka yi ma ita ba samarin da aka ɗiba ba.

Ɗan Rigasa: To na ji, amma dai a daina cewa sun kare ƙasa. Ƙasar wa?

Rifkatu Kakuri: Kai dai ka bari yarinya ta nemi kakanta mana. Maman Ilham ke kin ma yi sa'a naku ya dawo. Namu wan kakata ne, daga wajen Kagoro aka ɗauke shi, bai dawo ba, ba gawa ba kabari, kakata har ta mutu in ta ji jiniyar jirgin ƙasa a Kafanchan sai ta ce ƙila shi ne. Ɗana ne ya shiga shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, CWGC, ya yi ta gwada suna iri-iri don su ma sun canza mashi suna, da sunan ƙabila suka rubuta shi a madadin na uba. Ƙarshe ya same shi a jerin sunayen da ke bangon tunawa na Rangoon a maƙabartar Taukkyan, wurin da aka rubuta mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Suna da lamba da ranar mutuwa a 1944, iyakar abin ke nan. Amma ranar da muka gani mun yi kuka kamar jiya aka yi rasuwar.

Maman Ilham: Allah sarki Mama Rifkatu, sannu. To ni shafin zai yi mani amfani?

Rifkatu Kakuri: Na waɗanda suka mutu ne kawai. Amma in kin san sunan abokansa da ba su dawo ba za ki iya dubawa, ta nan za ki ga bataliyarsu.

Ummu Sadiq: Slm, ina karatu a Ingila kuma na taɓa shiga gidan adana takardun gwamnati da ke Kew don aikin makaranta. Akwai kundin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum a fagen daga, na yankin Bama suna ƙarƙashin WO 172. Sai dai ki shirya ma ranki, hafsoshi Turawa ne ake kiran sunansu, baƙaƙe kuwa sai dai a ce an kashe mutum kaza an ji ma kaza rauni, sai fa wanda ya yi wata bajinta aka ba shi lambar jarumta, su nasu bayanan suna WO 373 kuma ana iya nema ta intanet. Ke nan ba za ki ga Audu Zaria a kundin ba amma za ki ga inda ƙungiyarsu ta kwana ranar kaza, wane kogi suka haye, yaushe ruwa ya hana jirgi sauke abinci. Abin da nake buƙata sunan unit ɗinsa, yana cikin littafin sallamar nan, ki duba layin da ke ƙasan lambar.

Tsohon Malami: Kafin ta duba bari in rage mata hanya. Ɗan Najeriya mai alamar gizo ɗayan uku ne. Ko dai bataliya ta 4 ta Najeriya da ke cikin birged ta 6 tare da 'yan Gambiya da Saliyo, su suka shiga kwarin kogin Kaladan. Ko birged ta 3, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, waɗanda aka cire aka ba Janar Wingate suka shiga cikin rundunarsa ta musamman da ake kira Chindit, aka kai su bayan layin Japan a jirgin sama a 1944, daga nan barikin Chindit na Zariya ya samo suna. Ko kuma ƙungiyoyin taimako, su injiniyoyi da masu igwa da masu ɗaukar kaya. Wane irin labari yake ba ku in ya zauna?

Maman Ilham: Ni ƙarama ce lokacin amma na tuna yana cewa abinci daga sama yake sauko musu da laima, wani lokaci buhu ya faɗo ba laima ya kashe mutum. Yana yawan maganar matsattsaku, wai sai ka cire takalmi ka ga jini cike, da taba suke ƙona su. Kuma ba ya cin shinkafa sam, ko ranar sallah tuwon dawa ake mashi daban, ya ce ya ci rabonsa na duniya a can. Sannan tsakiyar kansa babu gashi kuma fatar wurin ta yi kauri, muna yara muna taɓawa yana dariya. Yayyenmu maza kuma suna cewa shi kaɗai ya kashe Japanawa bakwai da adda.

Sajan Mai Ritaya: Hmm. Duba littafin dai.

Maman Ilham: Na duba da fitilar waya, rubutun hannu ne ya dushe, akwai wata lamba da gara ta cinye sai kuma Aux Gp a gabanta. Shiga 1942, sallama 1946. Hali an rubuta Very Good. Mene ne Aux Gp?

Tsohon Malami: To ga kan nan da kika ce babu gashi ya samu bayani. Ƙungiyar masu ɗaukar kaya ce. Sojoji ne cikakku da lamba da kaki da albashi, amma aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa da rediyo a ka, cikin dajin da mota ba ta shiga, tudu bayan tudu. Dalilin da ya sa ma Turawa suka kai rundunar Afirka ta Yamma wannan yanki ke nan, don za ta iya tafiya inda babu hanya. Su suka sare daji da adda aka fitar da hanyar jif mai fiye da mil 70 zuwa Kaladan, su ke share filin da ƙaramin jirgi zai sauka ya kwashi masu rauni, su ke ɗaukar wanda aka harba a makara. Kuma da yawansu adda kawai gare su, ana harbi suna tsakiya da kaya a ka.

Ɗan Rigasa: Ato. Daga ya kashe bakwai an koma ɗan dako 😂

Admin: Ɗan Rigasa gargaɗi na farko.

Sajan Mai Ritaya: Bar shi Admin, bai taɓa jin ƙarar harsashi ta wuce kunnensa ba. Ni na yi Laberiya, ina gaya maka mai bindiga yana da abin da zai riƙe zuciyarsa da shi, in an harbo ya rama. Wanda ke ɗauke da akwatin harsashi ba shi da komai sai Allah, kuma bai isa ya yar ya gudu ba don in ya yar na gaba sun mutu. In ana maganar mazan jiya ni waɗannan nake fara cire ma hula.

Maman Ilham: Gaskiya da na karanta jikina ya ɗan yi sanyi don tun muna yara da labarin addar nan muke tinƙaho a makaranta. Amma yanzu da na tuna kan nan nasa sai hawaye. Shekara nawa mutum zai yi yana ɗaukar kaya kafin gashi ya daina fitowa.

Ummu Sadiq: Kuma fa ba lallai labarin addar ƙarya ne gaba ɗaya ba, Japan na kai hari da dare a sansani kuma kowa da abin da ke hannunsa yake kare kansa. Bakwai ɗin ne dai ƙila yayyenki suka yi ma ƙari, ko kuma duk shekara ana ƙara ɗaya lol. Ki turo mani hoton shafin, ko rabin lambar ya fito zan iya kwatantawa da jerin ƙungiyoyin da ke cikin runduna ta 81.

Tsohon Malami: Abin da ke ba ni takaici mu mutanen Kaduna kullum muna wuce tarihin nan ba mu sani ba. Barikin Dalet da ke Kawo da barikin Kalapanzin, duk sunayen wurare ne a yankin Arakan na Bama inda kakanninmu suka yi yaƙi. A Legas akwai barikokin Dodan da Myohaung da Arakan da Tamandu, a Ibadan akwai Letmauk. Myohaung ɗin nan a Janairun 1945 aka karɓe shi, runduna ta 81 da ta 82 suka haɗu a kansa. Mutum wajen 90,000 daga Afirka ta Yamma aka kai wannan yaƙi, fiye da rabi 'yan Najeriya, kuma Hausa ce harshen bariki har Turawan ma sai sun koya. Amma ka tambayi ɗan sakandare ma'anar Dalet ka ji.

Baban Khalifa: Wallahi shekara 20 ina sauka a bakin Dalet ban taɓa tambaya ba, na ɗauka sunan wani janar ne ɗan Filato.

Baffa Sule: Salamu alaikum. Yanzu aka nuna mani wannan magana. Ke Hadiza da izinin wa kika kawo kayan mahaifinmu cikin jama'a? Goggonki ta san kin buɗe akwatin? Abin da mutum ya rufe shekara da shekaru bai nuna ma 'ya'yansa ba yana da dalili. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Ki bar maganar ƙauyen nan.

Maman Ilham: Baffa ina wuni, Allah ya huci zuciyarka. Goggo ce da kanta ta miƙo mani ta ce in kai a karanta mata tunda ita ba ta yi boko ba. Ban sa hotonsa ba ban sa lamba ba. Amma Baffa don girman Allah mene ne a ƙauyen? Mu fa yanzu in yaranmu suka tambaye mu asalinmu sai mu ce Tudun Wada, kuma kowa ya san babu wanda kakan kakansa ɗan Tudun Wada ne, Kaduna gaba ɗayanta garin zuwa ne.

Baffa Sule: Ba abin kunya ba ne, abin baƙin ciki ne. Tunda kin fara bari in faɗa da bakina kar wani ya faɗa a karkace. Yana da mata kafin a ɗauke shi, da jaririya. Ya tafi shiru shiru, shekara ta uku wani da aka sallamo saboda rauni ya zo ya ce ya ga an harbe shi a bakin kogi. Aka yi zaman makoki aka raba 'yan kayansa, ta yi takaba, aka aura ma wani ɗan uwansu ita. Ya sauka a jirgin ƙasa a Zariya 1946 da akwatin nan a ka da turamen zane da ya sayo mata, ya isa gida ya tarar tana goyon ɗan wani. Kwana biyu ya yi ya juyo Kaduna, ya samu gadi a Loko wajen 'yan reluwe, ya auri tsohuwarmu. Bai sake taka garin ba kuma bai yarda a ambaci sunansa a gidanmu ba. Ni ma daga bakin tsohuwa na ji, ba daga nasa ba.

Rifkatu Kakuri: Wayyo Allah.

Maman Ilham: Innalillahi. Baffa ke nan muna da wata goggo da ba mu sani ba?

Baffa Sule: In tana raye ta haura 80.

Ustaz Abu Maryam: Allah ya jiƙansa. Don kar wani ya zargi matar ko iyayenta, a mazhabar Malikiyya matar da mijinta ya ɓace ba labari takan kai ƙara wurin alƙali a yanka mata shekara 4 sannan ta yi idda. Nan kuma ma shaida aka kawo cewa ya mutu, to ba su yi laifi ba, ƙaddara ce. Amma ita 'yar 'yarsa ce ta halak, tana da haƙƙin zumunci, kuma maganar gado ma in ba a ba ta ba yana nan a wuyan magada. Baffa ka yi haƙuri, ba shiga gidanku nake ba, amma nemanta ya fi barinta.

Baffa Sule: Ka ji irin abin da nake gudu. Daga tarihi an koma gado. Gidan ɗaki huɗu ne Malam, mu tara muka gada.

Ɗan Rigasa: To ni nan ne ma raina ya ƙara ɓaci. Mutum ya rasa mata ya rasa 'ya ya rasa gari ya rasa gashin kai, me aka ba shi? Gadi. Bature da suka yi daji ɗaya ya koma gida an ba shi kuɗin sallama ninkin nasa. Ko hafsa ɗaya baƙi babu a cikinmu lokacin.

Tsohon Malami: A nan kam ina tare da kai. Albashi da kuɗin sallama na baƙi bai kai na Bature mai muƙami ɗaya ba, wannan a rubuce yake. Mafi girman abin da ɗan Najeriya ke kaiwa a lokacin shi ne sajan manjo, irin su Chari Maigumeri wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa. A Gana ne aka samu Seth Anthony ya zama hafsa a 1942. Ita kanta hukumar kaburburan ta fitar da rahoto a 2021 ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka yi ma Turawa. Sai dai ka lura, wannan duk dalili ne na a nemo sunayensu, ba na a manta da su ba. In mun ce ba ruwanmu don Bature suka yi ma aiki to mun ƙarasa mashi aikin shafe su.

Ɗan Rigasa: Wannan kuma na yarda. Amma ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, in an zo ajiye furanni a riƙa faɗin wannan ɓangaren ma, ba fareti da sakin tattabaru kawai ba.

Baban Khalifa: Malam tambaya, a nan gida babu inda za ta duba ne sai Ingila?

Tsohon Malami: Akwai mana. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan Kaduna kan titin Yakubu Gowon, ɗaya ne cikin manya uku tare da na Ibadan da Enugu. Ta nemi fayilolin lardin Zazzau, ZARPROF ake rubuta musu, a ciki akan samu wasiƙun ɗaukar kurata da maganar tsofaffin sojoji da aka sallamo da masu neman aiki, wani lokaci har da jerin sunaye gunduma gunduma. Ta leƙa Arewa House a titin Rabah, ta kuma tambayi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, don ta riƙa kawo labarin yaƙin da Hausa. Aiki ne na haƙuri, sai ki wuni kina buɗe fayil ba ki ga komai ba. Amma shawarata takarda ba ta gudu, ta jira shekara 80 za ta ƙara jira. Tsofaffi ne ba sa jira. Goggonki ta gida da Baffanki da wannan baiwar Allah in tana raye, su za ki fara da su.

Sajan Mai Ritaya: Ki kuma je ofishin 'yan mazan jiya, Legion, da littafin a hannu. Ko ba su da fayil ɗinsa akwai dattawan da iyayensu suka yi Bama, sun san wa ya zauna a wace unguwa. Amma kar ki bar ma kowa asalin littafin ko da wa ye, hoto za ki bayar. Kuma kar ki kai a manne shi da leda mai zafin nan, tana cinye tawada, ki sa a ambulan ki ajiye inda ba danshi. Lambobin ma kar a goge su da toka ko omo.

Ummu Sadiq: In za ki zauna da Goggo ki kunna rikoda a waya ki ajiye gefe, kar ki ce mata ba ni tarihi don za ta ce ba ta san komai ba. Ki tambaye ta wa ke zuwa gaishe shi da sallah, wa yake aika ma goro, wane suna yake kira in ya firgita cikin barci, wace kasuwa yake yawan ambata. Ta nan sunan gari ke fitowa.

Maman Ilham: Ngd sosai. Yanzu na fito daga ɗakinta, ban ma kai ga tambaya ba ina karanta mata abin da Baffa ya rubuta sai ta fashe da kuka ta ce ta sani. Wai akwai wani mai sayar da barkono da ke zuwa daga can duk kaka yana sauka a gidanmu, Baba Soja kan ba shi turmin atamfa da kuɗi a ƙulle ya ce a kai ma yarinya, a ɓoye ba tare da kakarmu ta sani ba, ita Goggo ce ake aike ta sayo atamfar a kasuwa. Ta ce sunan yarinyar Binta kuma ta ji an ce an yi mata aure a wajen Anchau. Sunan ƙauyen ma ta faɗa mani amma ba zan sa a nan ba.

Baffa Sule: Yaya ce ta faɗi haka? Shekara 60 muna gida ɗaya ba ta taɓa gaya mani ba.

Maman Ilham: Ta ce ba ka taɓa tambaya ba Baffa, kuma Baba ya sa ta rantse kar ta faɗa muddin kakarmu na raye.

Baban Khalifa: Matata 'yar Anchau ce, surukina ya san dattawan wajen sosai. In kuna so in haɗa ku. Ranar Talata ce kasuwa, ranar ake samun mutanen ƙauyuka duka, amma ku fara ta gidan dagaci kar ku faɗa gidan mutane kai tsaye da maganar shekara 80, za su ɗauka fili kuka zo nema.

Ustaz Abu Maryam: Kuma namiji babba ya jagoranta, ba a aika yara irin wannan.

Baffa Sule: Ba Talatar nan ba, ina da asibiti. Ta sama. Hadiza ki kira ni bayan isha'i, ki ce ma Yaya ta shirya da ita za a je, ita ta san sunan mai barkonon. Kuma ki goge sunan Binta daga nan.

Maman Ilham: To Baffa. Admin don Allah ya ake gyara saƙo bayan an tura, ni wayar nan ba ta nuna mani wurin ba.

Admin: Danna ɗigo ukun da ke gefen saƙon. Ummu Sadiq in kin samu kundin ƙungiyar tasu ki buɗe sabon post, akwai mutum biyu da suka yi mani inbox su ma da ƙyallen gizo a gidansu, ɗaya kuma na mashi da gammo.